Kai wa Sabah Miyar Lalo

Shekara talatin na yi ina tuƙa ƙaramar bas ta haya a Alƙahira, ban taɓa jiran kowa ba. Fasinja in yana da ƙafa ya ɗale tana tafiya, in ba shi da ita ya jira ta baya. Sai ciwon sukari ya ci mini ido. Na dama ya fara tafiya, na hagu ya bi shi kafin shekara ta zagayo. Na sayar da motar, na hau benenmu da ke Shubra na zauna. Zaman kuwa ban iya shi ba. Daga ɗaki in fita baranda, daga baranda in dawo ɗaki, in kunna rediyo in kashe, har matata Sabah takan ce, "Ragab, don girman Allah ka zauna wuri ɗaya, ka sa ni jiri."

Ita ce ta zama idona. Masallaci, wajen aski, kantin magani, duk ina dafe da kafaɗarta. Wuri ɗaya ne na hana ta kai ni, tashar da direbobi ke shan shayi. Ban so su ga Usta Ragab, babban direba, ana jan sa ba.

Wata safiya ta zame a matakala tana ɗauke da kwandon wanki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka kai ta wani asibiti can unguwar Sayyida Zainab, aka yi mata aiki, likita ya ce za ta daɗe a kwance. Ɗanmu Tamir yana Kuwait. 'Yarmu Rasha tana Giza da ƙananan yara da aikin ofis, ranar Juma'a kaɗai take samun damar ɗaukata a tasi mu je dubiya. Sauran kwanakin ina gida ina kewaye tebur.

"Baba, ka dawo wurina kawai," in ji Rasha.

"In yi me a wurinki? In zama kujera ta biyar a falo?"

"To me kake so?"

"In ga uwarki kullum."

Bayan 'yan kwanaki ta bugo mini waya ta ce ta ba da sunana a wata ƙungiya ta 'yan sa kai masu raka makafi cikin gari, za su turo mutum.

Na ɗauka wani saurayi ne zai zo, ɗan jami'a mai ƙarfin ƙafa. Sai na ji ana hawo bene a hankali, ana tsayawa ana shan iska. Da na buɗe ƙofa, muryar wani dattijo ta ce, "Sunana Milad, ana ce mini Abu Mina. Da ina gyaran agogo a unguwar Daher, yanzu na rufe shago."

"Kai aka turo ka ja ni?"

"A'a, Usta. Ni ba na jan kowa. Rakiya nake yi."

"Mene ne bambancin?"

"Mai ja yana so a ci gaba da neman sa. Ni so nake ka gaji da ni ka kore ni."

"Ai kuwa na kusa."

Ya yi dariya, ya danƙa mini farar sanda a hannu. Na jefar da ita kan kujera. Na ce ni ba maroƙi ba ne. Bai yi musu ba, ya zauna ya nemi shayi, ya bar ni na haɗa da kaina, har na ƙona yatsa bai motsa ba. Da ya gama sha ya ce, "Sau biyu a mako nake da lokaci. In ka riƙe hannuna, sau biyu a mako za ka je wurin matarka Umm Tamir. In ka riƙe wancan itacen, kai ka san sau nawa." Na laluba na ɗauko sandar.

Ban taɓa haɗuwa da mutum mai nawa irin Abu Mina ba. Tafiyar da za a yi cikin lokacin shan kofin shayi, daga gidana zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Rod al-Farag, sai mu ɓata rabin safiya a kanta. Ya tsayar da ni ya ce, "Me ka ji?"

"Na ji raina yana ɓaci."

"Ban da wannan."

"Ƙanshin gurasa."

"To gidan gurasa ke nan, daga nan sai ka karkata hagu. Me kuma?"

"Ƙarar guduma."

"Mai facin taya. Yakan bar tayoyi a kan hanya, ka share gabanka da sandar sosai."

Ya koya mini yadda ake kaɗa sandar dama da hagu ƙasa-ƙasa, ba a daka ta kamar mai neman maciji ba. Ya koya mini in an zo taimaka mini kada in ba da hannuna a ja, ni zan kama gwiwar hannun mutum, in kuma faɗi inda za ni da bakina. Ni dai ƙafata gaba take yi. Na yi karo da babur da aka ajiye a gefen titi, na yi karo da kejin kaji, na zagi mai kajin, ya rama.

"Usta, birki," in ji Abu Mina daga bayana. "Ba ka da birki ne?"

"Birki na matsorata ne."

"Shi ya sa na ƙi shiga motocinku tun ina saurayi."

A tashar Shuhada ake canja jirgi, a nan ne duk mutanen Masar suke haɗuwa su tattake juna. Rana ta farko na tsaya cik, domin sautin yana zuwa ta ko'ina, ba gabas ba yamma. Abu Mina ya jingina ni da bango ya ce in bi bangon da sanda har in ji iska ta bugo ni daga matakala. Muka yi ta yi, mu je mu dawo. Wata rana na yi gaggawa na faɗa taragon mata. Suka yi caa a kaina, wata ta ce, "Hajji, ba ka gani ne?" Na ce, "Wallahi 'yata, ke ce mutum na farko da ya gane." Taragon duka ya fashe da dariya, suka ba ni kujera. Abu Mina ya shiga taragon gaba, ya same ni a tasha ta gaba yana ta faɗa kamar uwata.

Sau ɗaya na tambaye shi abin da ya kawo shi wannan wahala, ga ciwon gwiwa. Muna zaune a kan benci muna jiran jirgi. Ya ce mahaifiyarsa ta makance da ta tsufa, suka yi mata komai, abinci a baki, ruwa a hannu, ba su bari ta taka ko ƙofar gida ba. "Mun ɗauka gata muke yi mata," in ji shi. "Da za ta rasu, abin da ta roƙa shi ne a kai ta kasuwa ta taɓa tumatir." Jirgi ya iso, muka shiga.

Sabah kuwa kullum muka je sai ta yi ƙorafin abincin asibiti. "Ruwan zafi ne suke nuna wa karas daga nesa," in ji ta. "Da zan samu miyar lalo da tafarnuwa, da na tashi na yi rawa."

Na ƙulla abin a raina. Na roƙi maƙwabciyarmu ta dafa, na ce wa Abu Mina ranar Talata ni kaɗai zan kai.

"Da sauranka," in ji shi. "Ba ka gama sanin titin da ke gaban tasha ba."

"Na fi ka sanin titin nan, na yi shekaru ina bin sa."

"Kana zaune a kan injin, kowa yana kauce maka."

Muka yi ta ja-in-ja har ya gaji. Muka tsaya a kan cewa zai biyo ni daga nesa, ba zai yi magana ba, ba zai taɓa ni ba, sai in ya ga zan faɗa rami. Ya kuma sa na zuba kwanon miyar a jakar goyo, domin hannuna ɗaya ya zauna babu kaya.

Ranar Talata tun asuba na shirya. Na sa riga na cire, na sake sawa. Na duba murfin kwanon har ya fara zafi da hannuna. Da na ji tarinsa a ƙasan bene na sauko na wuce shi ban gaishe shi ba, kamar yadda muka yi.

Gidan gurasa, hagu. Mai faci, tayoyinsa biyu a kan hanya, na kewaye su. Na sauka tasha, na shiga jirgi. A Shuhada na bi bangona har iska ta buge ni, na sauka matakala, na ji jirgi yana tsaye ƙofa a buɗe. Abu Mina ya sha gaya mini in na iske jirgi a tsaye in bar shi in jira na baya. Amma ƙafar direba ce. Na kutsa, ƙofa ta rufe a kan jakata, wani ya fizgo ni ciki. Na ce a raina, yau dai tsohon nan zai yi mini wa'azi.

Kafin Sayyida Zainab jirgin yakan fito daga rami, ƙararsa ta saki, rana ta taɓa fuskar mutum ta taga. Da na ji haka na matsa ƙofa. Na sauka, na fita tasha, na bi gefen babban titi har na ji injin mai matse rake yana gurnani. A nan zan juya dama, in miƙe, asibiti yana wannan ɓangaren, babu tsallaka titi ko ɗaya. Na ɗan tsaya in gyara igiyar jaka.

Sai kawai na ji an cafke mini hannun da ke riƙe da sanda.

"Zo in tsallakar da kai, Hajji."

"Ba tsallakawa zan yi ba."

"Kada ka ji komai, lada nake nema."

"Na ce maka ba..."

Ina! Ƙato ne mai ƙarfi, ga sauri. Sandata tana lilo a iska, motoci suna huci a gefen kunnena, ya ja ni nan, ya karkata can, muka kewaye wani abu, muka hau dakali muka sauka. Ya sake ni ya ce, "Ka sa ni a addu'a," ya tafi abinsa.

Na tsaya. Injin rake ya ɓace. Ban san ko titi ɗaya muka tsallaka ko biyu ba, ban san inda fuskata ke kallo ba. Na ce, "Abu Mina." Shiru. Na ɗaga murya, "Abu Mina, wasan ya isa, wannan ai rami ne!" Babu tari, babu jan ƙafa. Na laluba waya na kira shi, ta ce ba a samun sa. A nan na gane cewa ƙofar da ta kama jakata ta rufe ne a gabansa, yana can ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya kamata in yi shi ne in tsaya. Amma jikina bai san tsayuwa ba. Na kama tafiya da sauri, sanda tana dukan ƙafafun mutane. Ƙasa ta canja, ta zama mai santsi da ɓawon kayan miya, hanya ta matse, wani yana tallan albasa a cikin kunnena. Na shiga kasuwa. Na juya, na yi karo da tiren wani mai talla, lemo ya watse, mai shi ya fara ihu, da ya ga sandar ya koma "Ba komai, Hajji, ba komai," wanda ya fi ihun ciwo. Miya ta fara ɗiga a bayana, na ji ɗuminta yana bin rigata. Na tuna Sabah tana can ta sa an tayar da ita zaune tana kallon ƙofa.

Na samu bango na jingina. Na ce wa kaina da muryar tsohon nan, me ka ji?

Na ji albasa, na ji rediyo, na ji kukan yaro. Can ƙasa da su, daga hagu, na ji wata murya da na sani tun kafin in yi aure, muryar masu lodi: "Giza, Giza, Giza! Mutum ɗaya, Giza!" Motocin Giza a bakin babban titi suke lodi, daura da tashar jirgi. In na kai wurinsu, na san inda nake a duniya. Sai dai wurinsu ne na yi shekara biyu ina gudu.

Na bi muryar a hankali, wannan karon ina share gabana yadda aka koya mini. Warin gas da taya mai zafi ya tare ni. Ban kai ga buɗe baki ba wani ya kwaɗa ihu daga cikin mota.

"Kai! Wa nake gani haka? Ragab? Ragab ɓarawon fasinja?"

Sha'aban ne. Mun yi shekaru muna tsere a layi ɗaya, ya taɓa fasa mini madubi, na taɓa sace masa mota guda ta fasinja yana cikin bayan gida. Na ji ya diro, ya rungume ni, sannan ya sake ni, na san sandar yake kallo.

"An ce ka koma ƙauye," in ji shi.

"Ƙarya ne. Makancewa na yi."

"To ai dama can tuƙin makafi kake yi, yanzu ne dai ka samu takardar shaida."

Na yi dariya har hawaye, ban san inda dariyar ta fito ba. Na gaya masa inda za ni. Ya ce in hau, zai sauke fasinjojin nan duka ya kai ni har ƙofar asibiti. Wallahi ƙafata ta ɗaga. Kujerar gaba, ƙarar injin, ba tunani. Sai na tuna gobe Sha'aban ba zai kasance a nan ba, titin kuwa yana nan.

"Ka tsallakar da ni kawai zuwa wurin mai rake," na ce. "Kuma kada ka ja ni. Ba ni gwiwar hannunka."

"Gwiwar hannu? Aure za mu yi? Tsaya ka ga."

Ya koma mota, na ji ya tayar da ita, ya yi baya, ya gitta ta a tsakiyar titi. Alƙahira duka ta danna oda. Fasinjojinsa suna zagi, wani mai tasi yana kiran kakannin Sha'aban ɗaya bayan ɗaya. Shi kuwa ya diro yana ihu, "Ku yi haƙuri, babban mutum zai wuce!" Ya zo ya miƙo mini gwiwar hannun, muka taka a tsanake, yana gaya mini, "Dakali a gabanka, sauka, yanzu ɗaya ɓangaren." Motocin ɗaya ɓangaren kuwa da hannu ya tsayar da su. Injin rake ya dawo kunnena.

"Ka zo shan shayi, ɗan banza," ya ce yana gudu ya koma. "Kowa yana tambayarka."

Na juya dama na miƙe. Na wuce mai gadi, na hau bene, na bi bango zuwa ɗakin mata. Tun daga ƙofa na ji muryarta.

"Ina Abu Mina?"

"Na baro shi a Shuhada."

"Kai kaɗai ka zo?" Sannan ta ce, "Juyo in ga bayanka. Innalillahi, Ragab, rigar Idi ce fa! Miyar a kwano ka kawo ko a jikinka?"

Rabi ya rage. Ta sha da gurasa tana mita cewa maƙwabciya ta cika gishiri, amma na ji cokali yana kankare ƙasan kwano. Hannunta ɗaya yana riƙe da gefen rigata, ba ta saki ba.

Muna haka sai ga Abu Mina, numfashinsa kamar tsohuwar mota a kan gada. Ya bi jirgi na baya, ya zo wurin mai rake aka ce an ga wani ya tsallaka da ni, ya shiga kasuwa yana tambaya, ya ga lemo a ƙasa, ya zagaya har bakin masallaci. Bai gaishe da kowa ba, ya faɗi kan kujera.

"Na ce in ka iske jirgi a tsaye..."

"Na sani."

"Ka san abin da na yi ta gani a idona? Me zan gaya wa wannan baiwar Allah?" Sabah ta sa aka ba shi ruwa. Na ba shi labari tun daga ƙaton nan har zuwa Sha'aban. Da na zo wurin da na ƙi shiga mota, ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya ce, "Gobe ka zo kai kaɗai, ba sai na biyo ka ba. Amma ranar Alhamis za mu koyi yadda ake ƙwace hannu daga masu neman lada."

Daga ranar kullum sai na je, har aka sallame ta. Na ƙara ɓata sau ɗaya, na ƙara yin faɗa da mai kaji ba adadi. Sabah ta dawo gida tana takawa da ƙarfen dogarawa, bene ya fi ƙarfinta, saboda haka cefane da magani suka dawo kaina, tana aike na tana kushe abin da na sayo.

Wata ranar Asabar da hantsi Abu Mina ya bugo waya. Ya ce an ba shi wani mutum a unguwar Imbaba, mai walda ne, bai daɗe da rasa ido ba. Ya je har gidansa sau biyu, mutumin ya ƙi buɗe ƙofa, ta bayan ƙyaure yake zaginsa.

"Ni ban iya zagi ba, Usta," in ji shi. "Na ce ko za ka zo ka rama mini."

"Yaushe?"

"In ka samu lokaci. Ba gaggawa."

"Kai komai naka ba gaggawa. Wace tasha ake sauka?"

Sabah ta ɗago murya daga ɗaki tana tambayar ina kuma za ni, ko shayin ban shanye ba. Na ce ta rufe mini shi da faranti. Ina laluben takalmina ɗaya a ƙarƙashin kujera, Abu Mina yana ta bayanin hanya a kunnena, a hankali, a hankali.